Fitilun da na saya wa latas

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan Fassi sai godiya.

Tuntuni nake jin wai ana noma a cikin ɗaki, kashin kifi ne taki, fitila ce rana. Na ɗauka zancen 'yan tasha ne, sai da ka sa na sayar da fadamata saboda ciwon gwiwa, ka kafa mini kayan nan na noman latas da kiwon tarwada a ɗakin marigayiya mahaifiyarka.

To, fitilun da ka bari sun ƙone. Na je Rano, mai shago ya ce irinsu sai Kano, ga tsada. Ya ɗauko wasu masu araha, jajaye kamar naka. Na ce, "Malam, za su yi wa ganye?" Ya ce, "Baba, har amarya suna yi wa kyau." Ashe na ado ne, irin na gidan biki. Latas ya yi ta miƙa wuya, ya koɗe, ya kwanta. Da ganyen ya mutu ruwa ya ɓaci, tarwada suka bi bayansa.

Ba ƙorafi nake ba, amma tun tasowata rana ba ta taɓa tura ni Kano ba.

Ka sa ni a addu'a, Allah Ya ƙara mini haƙuri. Ka gaida yara. Malam Buba da ya sayi fadamar yana gaishe ka. Jiya ya aiko mini da tumatir sadaka, da shi aka yi miyar yau.

Mahaifinka,
Malam Idi