Ranar Asabar za a fasa ƙofar gidanmu

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, akwai matan unguwarmu a ciki, ina ganin suna sharhi. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban faro daga farko ba ba za ku gane inda na shiga ba.

Ni 'yar Roni ce, aure ya kawo ni Kazaure, yaranmu huɗu. Maigidana hatsi yake saye a kasuwannin Babura da Gwiwa yana kaiwa Kano. Ni kuma ba mai fita ba ce, ko biki sai ya zama dole, sana'ata a cikin gida take. Lokacin da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, na samu saniya da maraƙinta, na sayar na sayi firiza, irin doguwar nan mai murfi biyu, ta hannu ce amma lafiyayya. Da ita nake ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, mata su zo saye su zauna mu yi hira har a manta abin da aka zo saye. Na san firizar nan kamar yadda na san kukan 'ya'yana, in tana aiki daidai wani gurnani take ƙasa-ƙasa, in wuta ta yi rauni sai ta koma kamar mai tari, ko ina ɗaki na sani.

Bara Allah ya hore mana muka gina namu gidan can bayan gari wajen duwatsu, muka tashi daga gidan gado. Da muka tare ba a sa ƙofar gida ba tukuna, wani ƙaton wuri ne a buɗe ana jingina kwano. Ta nan maza shida suka shigo da firizar suka ajiye ta a rumfa kusa da kicin. To sai aka zo maganar ƙofa. Shi maigida so yake mai walda ya yi mana get mai ɓari biyu irin na kowa, a shafa fenti a wuce wurin. Ni kuma na taɓa zuwa suna Kano na ga irin ƙofar nan da ake ce wa ta Turkiyya, mai kalar ƙasa-ƙasa, da ɗan gilashin leƙe a tsakiya. Ba ma kyanta ne ya fi kama ni ba, ƙararta ce. In aka rufe ta wani irin “tim” take yi a hankali, mai nauyi. Na gaji da get ɗin gidan gado da in yaro ya turo shi duk layi sai an ji. Na sa wa bawan Allah nan naci, yau roƙo gobe fushi, har ya gaji ya ce to.

Da aka kawo ta, maginin namu, wani dattijo ne, ya auna ya sake aunawa, ina jin sa daga bayan labule yana cewa, “Alhaji, wannan ƙofar falo ce, ba ta gida ba. Ta gida ana yi mata faɗi saboda buhu da babur da kayan da za su fita wata rana.” Maigida ya shigo ya faɗa mini, na ce mu da muka shigo jiya wa yake maganar fita, shi dai tsoho ne bai saba ganin irinta ba. Haka aka rage wurin da bulo, aka ɗura siminti da rodi a jikin firam ɗin ƙofar, sannan aka yi ɗan soro da katangar kare ido a ciki yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Tun daga ranar babur ɗin maigida a gidan maƙwabci yake kwana, buhu kuwa sai an karkata shi ake shigowa da shi, amma wallahi bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yayata. Da zafi ya shigo, ƙanƙara ta daskare a jikin firizar ta ciki har ta cinye wurin da zan jera kaya. Na san ƙa'ida, kashewa ake a buɗe murfi ta narke da kanta, shekara nawa ina yin haka. Amma ranar an kawo wuta bayan kwana biyu babu, ga zoɓo na ƙulla da yawa, na ga in na kashe ta na yi asarar wutar. Sai na ɗauko wuƙar yanka albasa da muciya, ina sa bakin wuƙar ina bugawa, ƙanƙarar na faɗowa manya-manya ina jin daɗi. A kusurwar hagu na buga, sai na ji “tsss”, siririn sauti kamar iska na fita daga taya. Na tsaya cak. Na sa yatsa na toshe, na ji sanyi yana hura mini. Na ruga na kankaro sabulu na cusa a ramin, na shafe, na ce ko Allah zai sa. Kafin la'asar gurnaninta ya canza, tana ta yi ba hutawa amma ba sanyi, washegari ta yi shiru.

Da maigida ya dawo daga Babura ya tambaye ni, bakina ya riga ni, na ce wuta ce ta zo da ƙarfi na ji ta yi ƙara ta tsaya. A raina na ce wuta ai ba mutum ba ce, ba wanda za a kama. Na manta da ƙaninsa, bari in kira shi Nura. Aikin wayarin yake yi, shi ya ja wutar gidanmu gaba ɗaya kyauta, yana zuwa duk Asabar da Lahadi. Kuma shi ne ya ce wa yayansa ba sai an sayi sitabilaiza ba, ya sa wani abu a wajen mita da zai katse wutar in ta yi yawa. Ina ɗora wa wuta laifin na ga fuskar maigida ta canza, ya ce, “Ashe.”

Ranar Juma'a a gidan Inna, mahaifiyarsu, a gaban ƙannensu mata, ya ce wa Nura ya yi masa aikin ganganci, bai gama koyo ba ya fito yana ɓata wa mutane kaya. Nura ya rantse aikinsa lafiya yake, ya ce a bar shi ya zo ya duba, maigida ya ce kar ya sake taka masa gida. Magana kuma kun san ba ta zama wuri ɗaya. Wani mutum da yake gina shaguna ya riga ya ba Nura aikin wuta, da ya ji yayansa ma uwa ɗaya uba ɗaya yana kuka da shi sai ya karɓe ya ba wani. Matar Nura kuwa, wadda kullum sai mun yi waya, wadda ta kwana uku a kaina lokacin haihuwar autata, yanzu ba ta ɗauka. Mun haɗu a wani suna ta ce “Ina wuni Yaya” ta tashi ta koma wata tabarmar.

Bayan kamar mako biyu maigida ya kawo mai gyara. Ya shigo da shi da kansa, na shige ɗaki na saki labule, amma kunnena yana wajen. Na ji mai gyaran ya kwance bayan firizar, ya ƙwanƙwasa, ya ce injin bai ƙone ba. Na ji ya ɗaga murfi. Sai na ji farcensa yana kankare wani abu, na san sabuluna ne. Na zauna a bakin gado ina jiran a kira sunana. Sai ya ce, “Alhaji, gas ne ya zube ta ciki, sai an yanka jikinta an yi walda, wannan aikin shago ne.” Maigida ya ce wuta tana iya jawo haka? Mutumin ya ce, “Sai an buɗe dai.” Da zai fita ya ɗan ɗaga murya a tsakar gida ya ce, “A gaya wa uwar gida, in an gyara a riƙa barin ta ta narke da kanta.” Maigida ya ɗauka shawara ce kawai, har ya shigo ya isar mini da saƙon. Ni na gane. Allah ya saka wa wannan mutum, ya rufa mini asiri a ranar, amma da ya faɗa a lokacin wataƙila da yanzu an wuce wurin.

Aka zo fitar da firizar, aka auna, ba ta wuce ƙofar nan ko an cire murafen, kuma ko ta wuce ba za ta juya a kwanar soron ba. Kafin ku ce a haura da ita ta katanga, katangarmu doguwa ce da fasassun kwalabe a kai, bayanta kuma dutse ne mai gangara. Sai dai a fasa. Maginin ya ce yadda aka ɗura siminti, da wuya ƙofar ta fita ba ta lanƙwashe ba.

Allah ya yafe mini, da na ji haka sai na ji sanyi a raina, don muddin ƙofar tana tsaye ba mai buɗe firizar. Wata biyu ina kawo dalili. Na ce ƙofar ta yi tsada kar a lalata, na ce a bari damina ta wuce, har na ce na haƙura da sana'ar zan koma ɗinkin hula. Maigida ya ce, “Maman Hanifa, gadon mahaifinki ne fa, ba zan bari ya yi tsatsa a gidana saboda ƙofa ba.” Yanzu barguna nake ajiyewa a ciki, kullum na wuce ta sai na kau da kai. Matan da ke zuwa hira duk sun ɗauke ƙafa tunda ba abin saye, sai in wuni daga ni sai yara.

To Inna ta gaji da ganin 'ya'yanta ba sa gaisawa. Ta yanke cewa a fitar da firizar a kai shago, a je da su biyun da Baffansu ƙanin mahaifinsu, mai gyara ya buɗe a gabansu ya faɗi abin da ya kashe ta tsakaninsa da Allah. In laifin Nura ne ya ba da haƙuri, in ba nasa ba ne babba ya ba ƙarami haƙuri a gaban kowa. Maigida ya amsa da ƙarfinsa don shi ya tabbata yana da gaskiya. Ya sayar da geron da ya ajiye, ya kira magini, Asabar ɗin nan za a fasa.

Na gwada faɗa masa sau biyu. Na farko na kawo masa abinci na zauna na ce, “Baban Hanifa, game da firizar nan,” bai bari na ƙarasa ba ya ce in daina sa damuwa a raina, shi zai tsaya mini. Na biyu na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa ko a ƙaro miya. Mutumin nan ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, da a ranar na ce wuƙa na sa, iyakaci ya ce Allah ya kiyaye gaba. Amma ƙarya ce ba ya ɗauka. Akwai abokin kasuwancinsa da suka yi shekaru tare, ya yi masa ƙarya sau ɗaya a kan awon hatsi, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu, bai yi faɗa da shi ba, ya dai cire shi daga ransa. Wannan nake tsoro. Ba na jin zai sake ni, amma zama da mutumin da in ka ce masa ruwa ya ƙare sai ya je ya leƙa randa, ban san yadda ake yin sa ba. Ga Inna da take kira na 'yarta, ga Nura da ya rasa aiki, ga matarsa. Da wane ido zan kalle su?

Yayata ta ce in dage a kan maganata, in an ga ramin in ce yara ne suka yi wasa da wuƙa ban sani ba. Na kalli Hanifa tana wanke-wanke na ji ba zan iya ba, na riga na ɗora wa mutum ɗaya. Na yi tunanin zuwa wurin Inna in durƙusa in faɗa mata ita ta san yadda za ta yi, amma in maigida ya ji daga bakin wani kafin nawa, wannan ma wani laifin ne. Na yi tunanin kiran Nura in roƙe shi gafara, to me gafarar za ta mayar masa? Duk inda na juya sai in ga na makara.

Ɗazu da safe maigida ya tsaya da maginin suna zana inda za a fara sara. Da ya shigo ɗaukar hularsa ya same ni tsaye, ya ga idona, ya ce, “Ki yi haƙuri, na san kina son ƙofar nan, in Allah ya hore zan saya miki wata a sa a falo.” Na ce Allah ya ƙara buɗi. Abin da na iya cewa ke nan.

'Yan uwa, ku zage ni in kuna so, na cancanta, amma bayan zagin ku faɗa mini. In faɗa masa mu biyu kafin Asabar, ko in nemi Inna ta zauna a wurin? Akwai wadda ta taɓa yi wa miji irin wannan ƙaryar har ta raba shi da ɗan uwansa, kuma ya dawo ya yarda da ita kamar da? In akwai don Allah ta yi magana ko a ɓoye ne, don ni ban taɓa ji ba. Yau Talata. In kun san kalmar da ake fara irin wannan magana da ita, ku rubuto mini ita yadda zan faɗa, zan haddace.