Yadda Aka Share Muryar Baba Mai Jirgi Tare da Ƙugin Na'ura

Daga: Mataimakiyar Injiniyan Sauti, Ɗakin Ɗauka na Biyu
Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Shirye-shirye da Adana Tarihi
Ta hannun: Shugaban Sashen Injiniyoyi
Kwanan wata: 13 ga Mayu, 2024

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙugin tsohuwar na'urar haɗa sauti da asarar da ya jawo wa wannan gidan rediyo

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan abin da na sha faɗa da baki ana mayar da shi wasa. A wannan karon abin ya ci muryar mutum, mutumin kuma ya riga mu gidan gaskiya.

1. Na'urar haɗa sauti da ke Ɗaki na Biyu ta girme ni. Ma'aikata suna kiranta Gwaggo. Da zarar ta ɗauki zafi sai ta fara wani ƙugi mai kauri, ƙasa-ƙasa, wanda ke bin kowace murya ya shiga faifai. Maganin da na tarar ana yi mata shi ne a mare ta a gefen hagu, a tura tsumma ƙarƙashin ƙafarta, a ce Gwaggo ta tashi da fushi yau. Na rubuta a kanta ranar 8 ga Janairu, na nemi a sauya mata wayoyi a kuma kira mai gyara. Amsar da ta iso ni ta bakin masinja ita ce Gwaggo ta yaye injiniyoyin da suka fi ni karatu, in bar ta ta yaye ni.

2. Saboda ba a gyara ba, sai aka dogara da wata dabara. Kafin baƙo ya fara magana akan ɗauki ɗan shirun ɗakin, a nuna wa kwamfuta cewa wannan shi ne ƙugin, ita kuma ta bi faifan tana cire duk abin da ya yi kama da shi. Daga nan a ajiye gyararren a kan na asali, na asalin ya goge, wai ma'ajiyarmu ta cika. Na yi magana a kan wannan ma a taron sashe. Aka ce 'yar boko da gudun abin da bai zo ba.

3. Ranar 21 ga Maris muka karɓi dattijon da kowa ke kira Baba Mai Jirgi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙetarar da mutane a kwale-kwale kafin a gina gada. Shi kaɗai ya rage da ya riƙe waƙoƙin tuƙi gaba ɗaya. 'Yarsa ce ta kawo shi, ta hau da shi bene tana riƙe da hannunsa. Da ya ga makirufo sai ya tambaya ko abin yana cizo, ya kuma ce mini in matso da tebur, don shi bai iya waƙa hannu sake ba, sai yana bugun wani abu a madadin filafilin tuƙi.

4. Ga inda aka yi kuskuren. Matuƙan jirgi, kamar yadda 'yarsa ta bayyana mini daga baya, ba sa buɗe baki su faɗa waƙa kai tsaye. Sukan fara nemo ta a ƙirji, baki a rufe, da gunji mai zurfi, har sai abokan tuƙi sun kama. Babban Injiniya yana bayan gilashi, ya ga leɓen dattijon a rufe, ya ɗauka shiru ne, ya yanki wurin ya ba kwamfuta a matsayin ƙugin ɗaki. Kwamfuta ta yi abin da aka sa ta. Ta bi waƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya tana cire ƙirjin Baba Mai Jirgi tare da ƙugin Gwaggo, aka kuma ajiye a kan na asali kamar kullum.

5. Ba na neman a hukunta Babban Injiniya, kuma ina roƙon a rubuta haka. Shi ya koya mini naɗe waya. Mutumin da ya shekara talatin zaune gaban ƙugi, kunnensa ya daina rarrabe shi da komai. Da na kunna masa faifan sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Laifin na gidan nan ne, da ya ga ya fi sauƙi a saba da cuta a kan a yi magani.

6. Allah ya yi wa Baba Mai Jirgi rasuwa ranar 2 ga Mayu. Abin da muke da shi yanzu shi ne bugun tafinsa a kan tebur, da jan numfashinsa, da 'yan guntayen kalmomi masu ƙarar gwangwani a inda ya ɗaga murya. 'Yarsa ta zo makon jiya neman kwafi, ta ce mahaifiyarta ke son ji, don tun da aka gina gadar bai sake rera mata ba. An umarce ni in ce mata ana kan tacewa. Ban faɗa ba. Na ce ta dawo ranar Alhamis.

7. Marigayin yana da ƙane wanda ya yi masa amshi a jirgi, yana kuma riƙe da wajen rabin waƙoƙin. Ya amince zai zo ranar 27 ga wannan wata. Shi ma ya tsufa, da sanda yake tafiya. Jadawalin da aka liƙa ya sa shi a Ɗaki na Biyu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi ina roƙon a dakatar da aiki da na'urar har sai mai gyara ya duba ta, a kuma hana ajiye gyararren faifai a kan na asali daga yau. Ina roƙon wani babba daga ofishinka ya zauna tare da ni ranar Alhamis, mu faɗa wa 'yar marigayin gaskiya, domin wannan nauyi ya fi ƙarfin ƙaramar ma'aikaciya.

Idan kuwa ba za a iya gyaran kafin ranar 27 ba, a ba ni umarni a rubuce in aika wa ƙanen marigayin cewa kada ya wahalar da ƙafarsa. Gara ya zauna gida ya rera wa jikokinsa. Su dai za su ji shi.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da adalci. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Mataimakiyar Injiniyan Sauti
Ɗakin Ɗauka na Biyu