Yaya Sule, Kada Ka Jira Su Yi Yawa

Zuwa ga yayana Sule, a duk gaɓar da jirginku ya tsaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na rubuto maka ta jarida ne, domin wanda gidansa ke yawo a kan ruwa ba shi da adireshi. Duk wanda ya karanta kuma ya san ka, don Allah ya isar maka.

Ka tuna shekarar da ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinmu, aka kwaso mu zuwa sabon matsuguni ta wajen Bebeji. Mu da muka gaji fartanya muka koma jan taru. Ka fi kowa saurin koyo, har ka raina dam ɗin, ka bi wata motar kifi zuwa Ikko, daga can sai teku.

Sau ɗaya ka zo gida. Ka baje a tabarma a ƙofar ɗakin Inna kana ba mu labarin abin da jirginku ke kamawa: wata halitta mai hannu takwas, ba ƙashi ba ƙaya, in ta tsorata ta fesa tawada ta ɓace. Na ce maka ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ka rantse, ka ce ƙasashen waje ake kai ta, kai ko a baki ba ka taɓa sawa ba.

Ka ce kwanansu kaɗan ne, shekara ɗaya ko ta ɗan gota. Uwar takan shige rami ta zuba ƙwai, ta zauna gadi ba ci ba fita, suna ƙyanƙyashewa ta mutu. Ba su da tsofaffin da za su cike gurbi. In ruwa ya yi wa ƙananan daɗi, baɗi taru ya cika. In bai yi ba, ko aka kwashe iyayen kafin su zuba ƙwai, teku ya zama wayam, jirgi kuma ya ƙara gaba, ba hutu ga kowa. "Shekarar da suka yi yawa, Inna, da wuri za a sallame mu." Haka ka ce.

To, maganar da ta riƙe ke nan. Inna ba ta taɓa ganin teku ba, sai ta auna shi da gona. Duk daminar da ta yi albarka takan ce bana 'ya'yan abin nan na Sule sun sha ruwa, yana tafe. Ranar kasuwa takan tare fataken kifi ta tambaye su ko mai hannu takwas ya yi yawa bana. Su yi dariya, su ƙara mata tarwaɗa ɗaya. Na yi bayani har na gaji, cewa ruwanmu daban naku daban. Yanzu na bari, har ni ma nakan ɗaga kai in dubi hadari.

Ina kewarka, Yaya, ina kuma jin haushinka. Kwalekwalenmu ni kaɗai nake tuƙawa, ba mai yi mini tsiya in na jefa tarun birgi ya faɗa a dunƙule.

Tun girbin bara ƙafa ta ƙi Inna. Ba ta iya zuwa kasuwa, ni take aika in tambayo mata, ni kuma in dawo in ce an ce da dama-dama. Loma biyu take yi ta ture kwano. Kada ka jira su yi yawa.

Ta san ina rubuta wannan. Ta ce in gaya maka tana nan lafiya lau, kada ka bar aikinka saboda ita. To, na gaya maka. Ka taho.

Allah ya kare ka daga sharrin ruwa, ya sauƙaƙa maka hanya, ya sa ka same ta tana iya amsa sallamarka. Amin.

Ƙaninka,
Hamisu