Gurbin Mai Shago

Litinin, 3 ga Maris

An fitar da sanarwar kwangilar zannuwan gado da labulen asibiti. Shekara goma sha ɗaya shagonmu ke ɗinka su. Bana wai ba a kai takarda ofis, komai ta intanet. Dogo, mai yanka mana yadi, ya ce to yadin ma a intanet ɗin zai yanka? Aka kwashe da dariya. Rabon shagon nan da dariya tun rasuwar Baban yara, wata biyar ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙanwata ta zo da kwamfutarta. Lambar sirrin shafinmu na hukumar kwangila a bayan littafin awo na same ta, da rubutunsa mai kwanciya gefe guda. Ashe ya fara cikawa bara, ciwo ya hana shi ƙarasawa. Babu hotunan aiki, babu jerin ayyukan da muka yi, takardar haraji ta tsufa.

Hotonsa na sama, hula a karkace. Ni na ɗauke shi, yana cewa in yi sauri ana jiransa. Mai shago: sunansa. Waya: tasa.

Ta ce, "Yaya, wannan fa sai an canja. Ki kawo takardar shaidar rasuwa, a cire shi a sa ki."

Na ce ta rufe, kaina ke ciwo. Ba ya ciwo.

Talata, 11 ga Maris

Na je ofishin da kaina, da zanen gado ɗaya a leda. Dattijon da ya san mu ya yi ritaya. Wata jami'a na tarar, mai ladabi, har kujera ta jawo mini. Ta shafa kalmasar, ta ce ɗinki kam ya yi.

"Amma Mama, ba ni ke zaɓa ba. Na'ura ce ke tace masu nema kafin su iso teburina. Shafin da bai cika ba, ko ganinsa ba zan yi ba."

Na ce shekara goma sha ɗaya fa. Ta ce in rubuta su a shafin, a can ne za su yi mini amfani.

A mota na rungume ledar kamar jinjira.

Juma'a, 14 ga Maris

Takardar rasuwar na ƙasan akwati. Na ɗauko, na karanta, na mayar.

Laraba, 19 ga Maris

Mun share shago, mun ɗauki hoton kekuna shida da masu su. Na sabunta takardar haraji. Ƙanwata ta loda komai, gurabe suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Saura guda. Muka gwada turawa haka nan, sai shafin ya ce ya aika lamba wayar mai shago. Layin kuwa tuni an rufe shi.

Ranta ya ɓaci. "Mutum shida ke ci a ƙarƙashinki, Yaya. Jibi ake rufewa."

Na ce mata banki sun cire shi, makarantar yara sun cire shi, har mai gidan haya ya sake takarda. Nan kaɗai ya rage ana kiransa mai shago. In na danna, da hannuna na...

Ta naɗe wayar cajinta a hankali, ta tafi.

Juma'a, 21 ga Maris

An rufe ƙarfe huɗu. Ina zaune ina kallon agogo. Ban tura ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sakamako ya fito. Wani kamfani aka ba, shekararsa biyu da buɗewa. Na sa ƙanwata ta nuna mini shafinsu. Na duba sama da ƙasa ina neman aibu, ban samu ba. Komai a cike.

Na tara ma'aikata na faɗa musu, har da dalilin, ban ɓoye ba. Uwar Biyu, wadda ke mana kalmasa tun muna da keke ɗaya, ta lulluɓe kekenta tun azahar ba ta yi ba. Dogo ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Bai dube ni ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Uku sun tafi wani shago, har da Uwar Biyu. Ta riƙe hannuna tana kuka tana neman gafara. Ita ke neman gafarata! Yaranta biyu suna makaranta, me zan ce mata?

Da suka fita Dogo ya ajiye almakashi. Ya ce, "Uwar ɗaki, ki yi haƙuri da bakina. Marigayi ba don a ga sunansa ya buɗe wurin nan ba. Da yana nan, faɗa zai yi miki, kin san halinsa."

Na sani. Har muryar na ji.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban fita ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ƙanwata ta ce akwai wata ƙaramar kwangila, rigunan masu shara na asibitin yara. Na ce ban sa rai ba.

Na dai biya wurin mai hoto da safe, tunda hanya ce. Ya ce in saki fuska, na ce ya ɗauka haka. Takardar rasuwar ma tana jakata, ban san lokacin da na sa ta ba. Ƙanwata ta loda, ta turo mini kwamfutar gabana. Shafin ya tambaya ko na tabbata. Na daɗe. Kafin in danna na sa ta kwafe mini hotonsa a wayata.

Da lambar shafin ta shigo wayata har na zabura, na ɗauka wani ke nemana.

Ba wai zan nema ba ne. Na dai tambayi Dogo ko shuɗin yadin da ya rage zai isa rigar gwaji ɗaya. Don in sani kawai.