Ragowar Maganinki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ta a bainar jama'a ne don masu rai su ji abin da zan gaya miki.

Inna, raina a ɓace yake, kuma ƙanenki Kawu Bala ne ya ɓata shi.

Kin tuna lokacin da ciwon baya ya kwantar da ke, har kika daina zuwa bandar kifinki a bakin ruwan Yelwa. Aka yi ta cewa sanyin ruwa ne. Sai da ni da Kawu muka kai ki Sakkwato, aka ɗebi jini, aka ɗebi ɓargo, likita ya ce cutar daji ce ta ɓargon ƙashi. Cikin magungunan da ya rubuta akwai wani kafso mai suna talidomaid.

Likitan bai bar mu mun fita ba sai da ya zaunar da mu. Ya ce maganin naki ne ke kaɗai. Kada mai ciki ta sha, kada ta taɓa wanda ya fashe, domin ƙwaya ɗaya tana iya nakasa ɗan da ke ciki. Ya ce mace mai shekarun haihuwa ba a ba ta sai an yi mata gwajin ciki, namiji ma in yana sha sai ya yi amfani da kariya wajen iyalinsa. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzayo asibiti, don jini na iya daskarewa a jijiya. Abin da ya rage kuma a mayar musu. Kawu yana zaune kusa da taga, hularsa a gwiwa, yana gyaɗa kai. Da kunnensa ya ji, Inna.

Ke kam kin riƙe. Kika kulle maganin a akwati, kika ɗaure makullin a bakin zanenki. Maƙwabciya mai ciki in ta shigo gaisuwa kina cikin sha, sai ki ɗaga hannu ki ce, "Tsaya nan bakin ƙohwa, ɗiyata, ina jin ki." Da wata ta roƙe ki ƙwaya ɗaya don ciwon ƙugu, kika ce, "Wanga magani ba na rabo ba ne."

Ba zan zagi maganin ba. Ya tashe ki. Kin koma banda kina zaune kan kujera kina yi wa masu juya kifi faɗa. Yana sa ki barci, yatsunki suka riƙa mutuwa, muka gaya wa likita ya rage miki. Da ciwon ya dawo ya ɗauke ki, babu wanda muka zarga.

Ragowar na naɗe a leda, na ajiye a akwatinki don in mayar asibiti. Cikin kwanakin makoki, gida cike da mutane, ledar ta ɓace. Na bi kowa ina tambaya. Na tsaya gaban Kawu na tambaye shi. Ya ci gaba da tauna goronsa.

Bayan rasuwarki Sani, autanki, ya auri wata yarinya daga Shanga, Hadiza. Ba ki san ta ba, da kin so ta. Suka zauna a Wara, gida ɗaya da Kawu. Sani yana tafkin Kainji wajen kamun kifi, sai ya yi kwanaki bai dawo ba. Hadiza ta fara amai da ciwon baya, barci ya ƙaurace mata. Ita kanta ba ta san ciki ne ba.

Sai da cikin ya fito na je duba ta. Ina shiga ɗakinta na ga katin kafson nan a kan kwallar jerenta, duk an ɓalle shi saura biyu. Na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce, "Kawu ne ya ba ni, Yaya, tun farkon laulayi. Ya ce na Inna ne, akwai albarka a ciki."

Albarka, Inna! Da sunanki ya ba ta.

Na same shi a bakin ruwa yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ban gaishe shi ba. Abin da ya ce mini har yau yana kunnena: "Magani mai kyau irin wanga a zubar? Likitoci tsoratarwa gare su. Ni ma na sha, barci kawai na yi." Ashe har wasu mutum biyu ya ba a unguwar. Ni da Sani muka bi gida gida muka karɓo abin da ya saura, muka mayar asibiti tare da Hadiza. Aka yi mata hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta ce a kira mijin.

Mace aka haifa. Hannuwanta gajeru ne ƙwarai, yatsun suna nan kusa da kafaɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Aka fara raɗe-raɗi wai Hadiza ta je wanka bakin ruwa da magariba, 'yan ruwa suka taɓa cikin. Wasu suka ce a danginsu na Shanga ne. Yarinya na jego, tana kuka, ana ɗora mata laifi, wanda ya san gaskiya kuma yana zaure yana karɓar barka.

Ranar suna na miƙe a tsakiyar mata na faɗi komai. Na faɗi sunan maganin, na faɗi gargaɗin likita, na faɗi wanda ya ɗauka da wanda ya bayar. Kawu ya aiko wai na ci mutuncinsa, wai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, Inna, ke kika koya mini. Amma an gaya masa, ya ji, ya ɓoye, ya bayar. Har yau bai nemi gafarar Hadiza ba, ni kuma ban taka zaurensa ba. Ban sani ba ko za ki ce na wuce gona da iri. Ƙanenki ne, ke kika goye shi.

Sani ya sa mata sunanki. Ummi muke ce mata. Idanunki ne a fuskarta, da faɗanki ma, don in nono ya yi jinkiri duk gidan sai ya ji. Yanzu ta fara zama. Jiya da suka zo Yelwa na ajiye mata ludayi a tabarma, ta kalle shi, ta miƙa ƙafa ta jawo shi, ta yi dariya. Hadiza ta daina lulluɓe ta in za su kasuwa. Wanda ya tambaya, tana gaya masa abin da ya faru.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya raya Ummi, ya ba ta zuciya mai ƙarfi da mutane masu adalci. Ya kuma sanyaya tawa, don har yanzu ba ta huce ba.

Ɗiyarki,
Rabi'atu, daga Yelwa.