Ta'aziyyar Honarabul Brozek, Telan Mazaɓa ta Tara

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Bakin Gada ta birnin Port Ansel, a madadin shugabanninta, dattawanta, masu rumfuna da masu tebur, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanmu, jagoranmu kuma tsohon abokin cinikinmu, Mai Girma Honarabul Cornelius Brozek, ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya mai wakiltar Mazaɓa ta Tara, Dattijon Wakilan Jiharmu a Washington, Uban Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Ƙarfe, Babban Baƙo na Dindindin a Bikin Kabewa, wanda yaro da babba suka fi sani da Baba Brozek, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce, bayan gajeriyar jinya da dogon wakilci.

Ƙungiya tana shaida wa duniya cewa ba ta san wani ɗan siyasa a faɗin ƙasar nan da ya ƙaunaci mazaɓarsa kamar marigayin ba. Wasu wakilan sukan karɓi mazaɓa yadda suka same ta, kamar rigar gwanjo, su zura ko ta yi musu yawa ko ta matse. Shi kuwa Baba tela ne. Duk bayan shekara goma, in an gama ƙidayar jama'a, majalisar jiha ta zauna sake shata iyakokin mazaɓu, sai ya ɗauki almakashinsa ya tafi wajen aminansa na can, ya dawo mana da mazaɓa daidai jikinsa, ba ƙari ba ragi. Muna jin labari wai a wasu wuraren masu ƙuri'a ne ke shan wahalar zaɓen wakili. Mu kam ya ɗauke mana wannan nauyi. Shi yake zaɓenmu, unguwa bayan unguwa, yana latsawa kamar mai cefane a gaban tiren tumatir, wanda ya ji ya fara laushi ya tura wa maƙwabta.

Lokacin da ya fara shiga majalisa, Mazaɓa ta Tara mai kusurwa huɗu ce kamar hankici, daga gada zuwa masana'antun ƙarfe, cike da jikokin mutanen Poland da na Ireland, waɗanda ke fitowa daga coci su tambayi ƙungiyar ƙwadago wa za su zaɓa. Shi kansa ɗan mai hura wutar narka ƙarfe ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ranar da masana'antun suka rufe, masu su suka nemi su sulale da fanshon ma'aikata, Baba ne ya tsaya tsayin daka a majalisa har sai da aka biya kowa haƙƙinsa. Akwai tsofaffi a cikinmu da suka ci abinci da mutuncinsu har ƙarshen rayuwa saboda wannan tsayuwa. Wannan magana babu wasa a cikinta, kuma muna roƙon Allah ya sanya masa ita a mizani.

Daga nan gari ya sauya fuska. 'Ya'yan tsofaffin ma'aikata suka kwashe suka koma sababbin unguwannin bayan gari. Iyalan baƙar fata waɗanda iyayensu suka taso daga kudancin ƙasar, ciki har da iyayen mai sa hannu a wannan sanarwa, suka cika gabashin birni. Mutanen Meksiko suka zauna a Titin Tanner, mutanen Yaman suka buɗe kantuna a bakin tasha. Baba ya koyi cewa na gode a harsuna huɗu, ya ci abincin kowa, ya ɗauki jaririn kowa, amma zuciyarsa ta bi tsofaffin masu zaɓensa, mazaɓar ma ta bi su. Ta fitar da wutsiya ta bi babbar hanya har unguwannin bayan gari. A ɗinki na gaba ta fitar da wuya siriri ta bi gaɓar kogi, inda ba mai kwana sai agwagi, har ta kai kanta cikin gonakin masara. Shi ya sa a yau mazaɓa ɗaya ta haɗa manomi mai alamar giwa ta jam'iyyarsa a hula da direban bas mai alamar jaki ta ɗaya jam'iyyar a ƙirji, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sai a akwatin ƙuri'a. Ranar da aka liƙa taswirar a ƙofar kasuwa, Ezell mai aski ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Baba, wannan mazaɓa ce ko hanjin kaza ne kyanwa ta ja?" Marigayin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dafa shi ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin agwagwa ta zaɓi abokin hamayyata?"

Cikin kyawawan halayensa akwai zuwa jana'iza. Ba a binne ɗan Mazaɓa ta Tara ba tare da Baba ya tsaya a layin gaba da hularsa a hannu ba, ko ana zuba dusar ƙanƙara. Sai dai tun da iyakar ta zama mai lanƙwasa, shi kansa ba ya iya riƙe ta a ka, sai direbansa, Malam Gus Petrakis, wanda ya san ta kamar tafin hannunsa. In mota ta kusa gidan rasuwa sai Baba ya leƙo ya ce, "Gus, namu ne?" In Gus ya ce namu ne, a tsaya. In ya ce, "Honarabul, titi ɗaya ya raba," sai Baba ya ce, "To, Allah ya jiƙansa. Juya mota, a aika da furanni."

Wajibi ne Ƙungiya ta ambaci ɗinkinsa na ƙarshe, domin a jikinmu almakashin ya bi. Kowa ya san hukumar hanyoyi ta daɗe tana so ta rushe Kasuwar Bakin Gada ta shimfiɗa hanyar hawa babban titi a gurbinta, da kuɗin tarayya, wanda ba ya fita sai majalisa ta amince. A kan haka ne 'yar Ƙungiyarmu, Uwargida Ofelia Quiroz, mai wainar masara a layin kudu, ta tsaya takara da Baba a zaɓen fid da gwani, ta kuma kusa kayar da shi. Marigayin, da yake dattijo ne, ya yaba mata a bainar jama'a, ya aika mata da furanni, ya jira ƙidaya. Da sabuwar iyaka ta fito, sai ga ta ta shigo ta ƙofar kasuwa ta bi kwatar da ke tsakiyar zaure, inda muke zubar da ruwan wanke kifi. Layin arewa da ɗakunan kwanan da ke samansa suka zauna a ta Tara. Layin kudu da Titin Tanner gaba ɗaya, har da gidan Ofelia, aka miƙa wa Mazaɓa ta Huɗu, wadda wakilinta ke zaune a wani birni can bakin tafki. Tun daga ranar, in muka kai wa Baba kukan kasuwa sai ya ce, "Yarana, ai rabin da za a fara rushewa ba nawa ba ne." In muka kai wa na ta Huɗu sai ya ce, "Au, akwai kasuwa a wurin?" Yanzu kuma an ce da zarar ƙanƙara ta narke motocin rusau za su iso, sai fa in an samu wakilin da zai tare kuɗin a Washington. Wannan ne halin da marigayin ya bar mu a ciki, kuma ba mu faɗe shi don ƙorafi ba, sai don tarihi ya cika.

Amma Allah mai iko! Da iyalai suka zauna shirin jana'iza, sai aka lura cewa maƙabartar St. Hedwig, inda iyayen Baba ke kwance, inda shi ma ya tanadi wurinsa tun yana da ƙarfinsa, tana ƙarshen Titin Tanner ne, a bayan katangar gidan Ofelia. Garin yanke gidan, almakashi ya haɗa da maƙabartar. Ita kuwa Ofelia tun bara ta yi musayar rumfa da ɗaki da wani mai sayar da cuku, ta kwashi tukwanenta ta tsallake kwata ta koma layin arewa, ba tare da ta ɗauki hayar mota ba. Ke nan wadda aka yanke ta dawo cikin riga, tela kuma zai kwanta a cikin ƙyallen da ya yar.

Jama'a sun san al'adarmu: in ɗan majalisa ya rasu a kan kujera, manyan jam'iyya sukan lallaɓa wajen matarsa su roƙe ta ta tsaya a zaɓen cike gurbi, sunan mijin ya ci musu zaɓe, ita kuma ta ɗumama kujerar kafin su shirya nasu. Haka aka yi. Ranar Alhamis da safe, Uwargida Dolores Brozek ta shigo kasuwa sayen kifin da za a soya wa masu zaman makoki, manya uku na biye da ita, ɗaya riƙe da kek. A gaban teburin Lucius mai kifi, mai wannan sanarwa, suka tsaya, don haka ba jita-jita muke kawowa ba.

Babbansu ya rage murya ya ce, "Uwargida, al'ada ce fa. Ki riƙe masa kujerar kawai. Ba sai kin yi komai ba."

Ta ce, "Ai shi ma abin da kuka ce masa ke nan. Kujerar nan ta ɗauke min miji tun gashina yana baƙi, yanzu kuma ni za ta haɗiye? Kai Lucius, auna min manyan kifayen nan, ka kuma ɗauke yatsanka daga kan sikeli, makoki nake yi, ban makance ba."

Sai ta juya ta ɗaga murya har ƙarshen zaure. "Ofelia! 'Yata, har yanzu kina son aikin wahalar nan?"

Ofelia ta fito tana goge hannu, ta ce, "Haba Mama Dolores, ko gaisuwa ban gama yi miki ba."

"Gaisuwa ta karɓu. Ba ni amsa."

"Ina so, Mama."

"To ki tsaya, ni zan riƙe miki jaka. A zauren nan na sayi kabejin bikina. Na gaya wa tsohon nan ya fi a ƙirga kada ya bari a rushe shi, ya ce in bari sai bayan zaɓe. To, ga bayan zaɓen ya zo."

Ƙungiya tana so ta yi wa jama'a bayani game da abin da ya biyo baya, domin mun ji ana ta ƙananan maganganu. Gaskiya ne Alhaji Nasser mai shayi ya hau kan benci yana buga murfin tukunya. Gaskiya ne Ezell ya bar mutum da rabin aski ya fito yana juyi da almakashi a sama. Gaskiya ne layin kudu da layin arewa sun rungumi juna a kan kwata har wani ya zame ya faɗa ciki, kuma kek ɗin manya bai koma gida ba. Muna tabbatar wa iyalan marigayin cewa duk wannan alhini ne. Kowa da irin yadda baƙin ciki yake kama shi.

Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Bakin Gada ba ta siyasa, kuma ba za ta yi amfani da ranar makoki ta ce a zaɓi wance ba. Iyaka dai muna tunatar da 'yan'uwa cewa gwamna zai sanar da ranar zaɓen cike gurbi nan ba da daɗewa ba, tun kafin ƙanƙara ta narke, don haka kowa ya duba a wane ɓangaren kwata gadonsa yake. Wanda yake arewa ya shirya ƙuri'arsa. Wanda yake kudu ya shirya takalminsa, domin akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa tun daga wutsiya har gonakin masara, kuma an ce manoman nan ma a kasuwarmu suke sayar da kabewarsu.

A madadin dukkan mambobinta, Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwarmu, Uwargida Dolores Brozek, da 'ya'yansu Martin da Bernadette, da jikoki, da ma'aikatan ofishinsa, da Malam Gus wanda ya yi masa hidima da amana, da tsofaffin ma'aikatan ƙarfe da suka rasa gatansu, da ɗaukacin al'ummar Mazaɓa ta Tara duk inda iyaka ta kai su. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alherin da ya shuka, wanda ba kaɗan ba ne. Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya sanyaya zuciyar Uwargida, ya ƙara mata lafiya da ƙarfin murya. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.

Za a rufe kasuwa ranar Asabar da safe domin kowa ya samu halartar addu'a a coci. Bayan an dawo daga maƙabarta akwai abinci a zauren kasuwa, kabeji naɗe da nama, wainar masara, soyayyen kifi da shayin Alhaji Nasser, kuma za a jera teburan ne a kan kwatar, yadda ba mai cewa ba a mazaɓarsa aka yi ba. Bisa buƙatar Uwargida, ayarin zai bi ta ƙofar kasuwa ya gangara Titin Tanner, Malam Gus ne kuma zai tuƙa maigidansa a wannan tafiya ta ƙarshe. Abu ɗaya ne kawai kwamitin shirye-shirye ya kasa warwarewa, muka ga ya dace mu bar wa jama'a. In mota ta tsallake iyaka ta tsaya a ƙofar St. Hedwig, Baba ya leƙo kamar yadda ya saba ya ce, "Gus, namu ne?", me Gus zai ce masa?

Sa hannu:
Lucius Tarpley
Mai kifi, tebur na bakin kwata
Kakakin Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Bakin Gada, Port Ansel