Yumɓun da Ya Yi Tsatsa a Tagata

Ya hasken idona, sanyin ruwan randata, ƙayar da ta shige min ƙafa ta ƙi fita, ina gaishe ka, ko da yake ba ka ci gaisuwar ba.

Ka tuna ranar da ka kai ni ɗakin gwajinku? Ka zura hannuwana cikin safar robar akwatin gilashin nan da ba ya shan iska, ka ɗora naka a kai, muka dama yumɓu mai ƙarfe tare, kore shar kamar ganyen damina. Ka ce haka ƙasar jar duniyar can ta sararin samaniya, maƙwabciyar tamu, take a zamanin da ruwa ke kwance a kanta, kafin ta yi tsatsa. Ka zuba min shi a 'yar kwalba, ka liƙe da kaki, ka ce muddin ban buɗe iska ta shiga ba, ba zai canja ba, mu ma haka. Ni kuwa sakara na ajiye ta a taga don in riƙa gani kullum.

Sai ga shi ya yi ja. Ka zo ka gani, ka ɓata rai, ka ce na buɗe, wai macen da ta kasa riƙe kwalba ba za ta riƙe gida ba. Ka ɗage bikinmu, ka daina ɗaga wayata. Haba malam! Ka duba kakin kuwa? Ga shatar babban yatsanka nan a kai, ko ƙwarzane babu. Liƙinka ne ya yi yoyo, gwanin banza, ka rasa inda za ka sauke sai kaina. Laifi tudu ne. Wallahi haushinka nake ji.

Ba da bakinka ka ce jan yumɓun can shi ne shaidar ruwa ya daɗe a wurin ba? Kana ƙare ƙuruciyarka kan tsatsar duniyar da ba za ka taɓa takawa ba, amma ta tagata ka gudar mata?

Baba ya ce in Asabar ta wuce ba ka zo ba, kada ka ƙara taka ƙofarsa. Umma har ta fara yi min zancen ɗan ƙawarta. Ka zo, mugu. Ka zo ka fasa kakin da hannunka a gabansu, ka ba ni haƙuri da ƙarfi yadda ka zarge ni da ƙarfi.

In kuma ka ƙi, kwalbar dai ba zan yar ba, kuma ba zan buɗe wa kowa ba.

Taka, ko kore ko ja, har a binne ni a yumɓun wannan duniyar.